Katunan sauka da tawadar da ta nashe: nazarin wani aikin rubutun buroshi a hunturun Sakkwato

Lamarin na ɗiyar yayata ne. Yarinya ce da ta gama sakandare tana zaman jiran admishan, ta koyi rubutun ado da alƙalamin buroshi a waya, irin wanda ake fara shafa wa takarda fentin ruwa launi-launi sannan a zo a rubuta suna ko wata 'yar kalma a kai. Ta ɗan jima tana yi wa ƙawayenta na murnar haihuwa da na amare, ɗaya-ɗaya, tana sawa a sitatus ana yabawa. Sai wata Islamiyya ta mata a wajen Mabera ta ba ta oda mai ɗan nauyi, katuna 36 girman rabin A4, kowace ɗaliba da za ta yi saukar Alƙur'ani da nata, sunanta a tsakiya, fuskar katin shuɗi da kore mai haske, za a sa a firem a miƙa ranar walima tare da shahada. Mako 3 aka ba ta, cikin watan Janairu, hunturu na kan ganiyarsa. Ni malamin zane ne shi ya sa da abu ya cakuɗe ni ta nema.

Ga kayan da na iske tana aiki da su. Alƙaluman kamfanin Tombow masu baki 2, guda kaɗan, waɗanda wani ya zo mata da su daga Abuja, sauran kuma irin masu arha ne da ake oda a intanet ba su da wani suna tsayayye. Fentin ruwa na yara mai launi 12, wanda ake sayarwa tare da littattafan makaranta. Takardar fentin ruwa mai giram 300 mai kaushi-kaushi, amma ba ta da yawa, da ta ga ba za ta isa ba sai ta je kasuwa ta cika da farin kwali na yau da kullum. Ta riga ta yi katuna 14 kuma 3 kaɗai ne za a iya nuna wa mutum ba a ji kunya ba.

Abin da ta ce da na shiga, "Kawu ni dai ban san mi yas samu hannuna ba, da can lahiya lau nikan yi shi, yanzu ko harahi guda ba ya tsayawa." Sai na zaro takarda mai sumul daga jakata na ce rubuta min sunanki. Ta rubuta tsaf, hawa siriri sauka mai kauri, ba rawa ba komi. To ka ga hannu ya fita daga zargi ke nan, saura kaya da tsarin aiki.

Ga wanda bai san alƙalamin ba, bakinsa na roba ne mai lanƙwasa, wani kuma gashin nailan ne na gaske, tawada na ciki kamar alƙalamin maka. Japanawa suka ƙirƙiro shi don rubutunsu na buroshi ya yi sauƙi ba sai an niƙa tawada ba, kamfanin Kuretake na garin Nara ya fito da nasa a 1973, daga baya masu rubutun boko suka ara. Dokarsa a boko guda ce, in za ka hau sama ka ɗaga hannu tsinin kawai ya taɓa takarda, in za ka sauko ka danna cikin bakin ya kwanta layi ya yi kauri. Ana riƙe shi a kwance-kwance wajen digiri 45 ba a tsaye kamar biro ba, kuma ana ɗaga hannu tsakanin layi da layi, harafi guda ma sai a yi shi da ɗagawa 2 ko 3. Duk wanga ta iya.

Na baje katunan da suka lalace a kan tabarma muka bi su ɗaya bayan ɗaya. Mafi yawansu cutarsu nashewa ce, ka ga harafi gefensa ya fitar da 'yan gashi-gashi sun shiga cikin shuɗin, wani wurin ma baƙin ya rabu ya koma shunayya da kore-kore a baki. Wanga rabuwar launi ita ke gaya maka irin tawadar. Tawada iri 2 ce a waɗannan alƙaluma. Akwai mai rini, launinta narkewa yake cikin ruwa gaba ɗaya, ko bayan ta bushe in ruwa ya taɓa ta sai ta sake tashi, manyan Tombow masu baki 2 irinta ke cikinsu, kuma da gangan aka yi su haka don a riƙa gauraya launi da ruwa. Akwai kuma mai garin launi, wato ƙwayoyi ne ƙanana ƙwarai suke zama a kan takarda su kama, in ta bushe ruwa ba ya ɗaga ta, irin su Pigma na Sakura da Pitt na Faber-Castell da ɗan ƙaramin Fudenosuke baƙi na shi Tombow ɗin. Ita mai rini take ɗorawa a kan takardar da ke da danshi, me kake jira ban da nashewa.

Ta ce wallahi ta bushe kamin ta rubuta, ta taɓa ta ji. A nan ne hunturu ya yaudare ta, kuma a ganina nan ne tushen lamarin duka. Iskar Janairu a garin nan ba ta da laima ko kaɗan, ka shafa ruwa a takarda kamin ka juya saman ya daina ƙyalli, ka sa yatsa ka ji garau. Amma takarda mai giram 300 kauri gare ta, cikinta ya sha ruwa yana riƙe da shi, da bakin alƙalami ya danna sai tawada ta iske hanya. Da can da take yin kati guda, da safe take shafa fenti ta tafi aikin gida ta yi wanke-wanke ta kai niƙa, sai bayan la'asar ta dawo ta rubuta, ba ta taɓa lura cewa wagga tazara tana cikin aikin ba. Da oda ta yi yawa sai ta koma shafa ɗaya, jira minti 10, rubuta, ɗauko na gaba. Na nuna mata gwajin da muke yi, ki ɗora bayan hannunki a kan takardar ba tafin ba, in kin ji sanyi to da sauran ruwa. Da safiyar hunturu komi sanyi gare shi don haka ki ajiye busasshiyar takarda a gefe wadda ba ki taɓa ba, ki taɓa wagga ki taɓa waccan, sai kin ji ba bambanci.

Wasu katuna 4 su kuma nasu daban ne, kwana sun yi amma har lokacin in ka taɓa suna ɗan kama yatsa. Ashe wata ƙawarta ta ce mata ta zuba gilisarin a ruwan fentin don kada ya riƙa saurin bushewa, wanda mata ke haɗawa da man shafawa a hunturu. Maganar ba ƙarya ba ce, masu yin fentin ruwa da kansu suna sa gilisarin a ciki, wasu ma zuma suke sawa, don dukansu suna jawo laima su riƙe. Amma ɗigo 1 ne ko 2 a kofin ruwa, ita kuma ta tsiyaya kamar rabin cokali. Waɗannan ba su da magani, na ce ta yanka su ƙanana ta riƙa gwajin launi a bayansu.

Sai bakin alƙaluman. Na ɗauki baƙin Tombow ɗin na duba a haske, tsinin ya tsefe ya koma kamar asuwaki, ba zai ƙara ba da layi siriri ba har abada. Abu 2 suka cinye shi. Takardar mai kaushi, wadda masu sayarwa ke kira kol-fires, an yi ta da 'yan ramuka don ta riƙe ruwa da launi, tana da kyau ga fenti amma kankare bakin roba take yi a hankali. Sannan fentin yara cike yake da hoda mai kamar alli da ake ƙarawa don ya yi auki, in ya bushe sai ya bar gari a sama, ka goga yatsa ka gani, garin nan shi ke toshe baki yana sa rubutu yana yankewa. Fenti mai kyau garin launi ne da ƙaro, ƙaron nan dai namu na dakwara da malaman allo ke sawa a tawada, shi ke manne launin da takarda, shi ya sa kuma ruwa ke iya sake ɗaga shi yadda yake wanke allo. Na kawo mata fentina na tub da ake matsowa, shuɗi da ɗorawa kawai, na ce kore ki haɗa da kanki.

Farin kwalin kasuwa kam ba sai an daɗe a kansa ba. Ya yi tudu da kwari, launi ya taru a kwarin ya yi tabo, wani wurin saman ya saɓule da ta koma da buroshi. Ba a yi shi don ruwa ba.

Akwai kuma tabo mai kama da fure da ya fito a tsakiyar wasu, da layi mai kaifi inda shafa ɗaya ta haɗu da wata. Shi ma saurin bushewa ne, tana shafa rabi sai launin da ta dama ya ƙare, kamin ta dama wani gefen ya kama, ko ta ga wani wuri bai yi mata ba ta koma da buroshi mai ruwa, ruwan ya ture launin da ya fara zama ya yi masa iyaka. Masu bidiyon da take kallo yawanci a Turai da Amurka suke, sai ka ga mutum yana wasa da launi a jiƙaƙƙiyar takarda yana hira ba ya sauri, kai a Sakkwato ka gwada haka a hunturu ka gani.

Saura kwana 12 a lokacin, sai muka zauna shawara. Hanya ta farko mai sauƙi, a yi fentin kati guda mai kyau a kai shagon kwamfuta a yi sikan a buga 36, ita sunaye kawai za ta rubuta. Ba laifi ba ne, masu sana'ar da yawa haka suke yi, amma sai an yi hattara da irin bugun don takarda mai ƙyalli da bugun leza ba sa karɓar tawadar ruwa sosai, tana tsayawa a sama ta goge. Ta kira Malamar Islamiyyar ta tambaya, Malama ta ce, "A'a ɗiyata, mu abin hannu munka gani munka so, in na inji ne ai da ba mu neme ki ba." Shi ke nan an rufe wagga. Hanya ta biyu a fara rubuta suna da tawadar da ruwa ba ya ɗagawa sannan a shafa fenti a kai. Yana yiwuwa, amma ni ban so ba, fentin kan ɗan dusashe baƙin, kuma in shafar ta ɓaci an yi asarar rubutu da takarda gaba ɗaya, alhali shafa ce ta fi saurin ɓaci a wanga yanayi. Muka tsaya a ta uku, a raba aikin gida 2, a gama fenti duka ya kwana ya bushe, rubutu ya zo daga baya da tawada mai garin launi.

Takarda muka yi oda daga Legas, mai giram 300 amma mai sumul wadda ake kira hot-fires, aka sako ta a mota, kwanakin jiranta ta yi su tana gwajin sunaye a takardar banza. Da ta iso ta yanka 44 don a samu rara. Kowane kati ana manne gefensa 4 a kan falanki da salatif na takarda, kuma kamin ta manna sai ta ɗan liƙa salatif ɗin a zanenta ta cire don ƙarfin gam ya ragu, in ba haka ba wajen cirewa ya taho da fatar takarda. Aikin fenti bayan sallar asuba take yinsa kamin rana ta ɗaga, taga a rufe, fanka a kashe, baho da ruwa a tsakar ɗaki da jiƙaƙƙen zane a rataye. Launin da zai ishe ta duka take damawa a 'yan kofuna tun kamin ta taɓa takarda, ta jiƙa katin da ruwa zalla da babban buroshi, ta sa shuɗi daga kusurwar sama kore daga ta ƙasa ta bar su su gamu da kansu, tsakiya ta bar shi kusan fari saboda suna ya fito. Abin da ya fi mata wuya shi ne cire hannu. Na ce in kin shafa kin shafa, ko kin ga abin da bai yi miki ba kada ki koma, in ya bushe yakan yi haske fiye da yadda kike ganinsa a jiƙe kuma rabin abin da ke damunki zai ɓace. Ƙura kuma sai an kare, don in ta sauka a jiƙaƙƙen fenti ta zauna ke nan, sai ta riƙa kifa babban tire a kan falankin ta tokare shi da gwangwanin madara don iska ta ɗan shiga. Washegari ta cire salatif a hankali tana jansa waje a kwance, ta jera katunan tsakanin farar takarda ta danne da katako da bulo su miƙe.

Wajen rubutu nan ma akwai 'yan abubuwa. Layin fensir ana jansa ne bayan fenti ya bushe, a hankali ƙwarai, don in ka ja shi kamin fenti ƙaron zai rufe shi ba ya gogewa, in kuma ka danna magogi da ƙarfi a kan fenti sai ya ɗebe launi ya bar fari. Fudenosuke bakinsa ƙarami ne, ya dace da sunan uba da ke ƙasa, sunan ɗaliba kuwa da Pitt mai bakin buroshi ta yi, inda kaurin bai ishe ta ba ta ƙara layi na biyu a gefen sauka ta cike. Sunayenmu ba irin na bidiyon can ba ne masu harafi 4, wani da na uba ya haura harafi 20, don haka kowane suna sai ta fara rubuta shi a takardar banza mai faɗin katin, ta naɗe ta gano tsakiya, ta ɗora a saman katin tana kallo tana saukewa. Ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ babu su a kowane samfurin haruffa da ta sauke a intanet, ita ta zauna ta fitar da nata, ta gama jikin harafin ta ɗaga hannu sannan ta dawo da tsini kawai ta lanƙwaso ƙugiyar siririya, ta Ruƙayya ta fi kowacce kyau. Ta kuma tura wa Malama jerin sunayen a WhatsApp kowace ɗaliba ta tabbatar da yadda take rubuta nata, don wata Khadija ce wata Hadiza, wata A'isha wata Aishatu, kuma ba abin da ke ɓata wa mutum rai ranar walima irin a miƙo masa firem da sunan da ba nasa ba.

Ana cikin haka Malama ta ce a ƙara aya a sama da Larabci. Yarinyar ta gwada da alƙalamin buroshi ta kawo min, haruffan daidai suke amma abin bai yi kama da rubutun da idonmu ya saba da shi ba, ita ma ta ji haka ta kasa faɗin dalili. Dalilin shi ne hannunta ya saba da kaurara layin da ke saukowa, sai alif da lam suka yi ƙiba, layin kwance ya rame. Alƙalamin kara kuwa fiƙe bakinsa ake a karkace, kauri daga yankan bakin yake fitowa ba daga dannawa ba, shi ya sa layin kwance ke fin na tsaye cika. Gari irin namu da ke da rubutun hannu tun zamanin Shehu da Abdullahi na Gwandu da Muhammadu Bello, wasu na nan ajiye a cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu har yau ana karantawa, ba za ka kawo wa mutane Larabci mai ƙafafun boko su yi shiru ba. Ban da haka ni ina da ja a kan sa aya a kati, yau yana bango gobe firem ya fashe yara na wasa da shi a ƙasa. Na ce ta gaya wa Malama haka da ladabi, Malama ta yarda aka koma 'yar gajeriyar addu'ar sa albarka. Wani dattijo mai zayyanar allo a unguwarsu shi ya rubuta ta a kan katunan da alƙalaminsa da tawadarsa, ta zauna ɗas a kan fentin, aka biya shi nasa. Tawadarsa ruwa na iya ɗaga ta amma tunda bayan gilashi za ta zauna ba matsala.

An kai aiki saura kwana 2 walima. Katuna 5 ta sake daga cikin rarar, 2 don hannunta ya goga suna kamin ya bushe, 1 kuskuren harafi, 2 ƙura. Mai firem muka ce ya sa kwali mai taga tsakanin katin da gilashi kada su manne in damina ta zo, aka kuma gaya wa ɗaliban kada su rataye inda rana ke duka.

Ta fuskar kuɗi kam ba ta ci komi ba, gaskiya ma ta ɗan taɓa na aljihunta. Farashin da ta yanka na kati guda ne irin na ƙawaye ta ninka sau 36, ba ta sa takardar da za ta lalace ba, ba ta sa alƙalamin da zai mutu ba, balle kuɗin mota daga Legas da na dattijon. Yanzu rabin kuɗi take karɓa tun farko, kuma ba ta faɗin farashi sai ta ga jerin sunayen ta ƙirga haruffa. Tombow ɗin da suka rage ta mayar da su na gwaji da na rubutu a farar takarda mai sumul, tana ajiye su a kwance da murfi a rufe gam don hunturu na shanye su in an bar su a buɗe. Kowace sabuwar takarda ko sabon alƙalami ya shigo hannunta sai ta yanki ɗan ƙyalle ta shafa fenti ta rubuta ta ɗiga ruwa a kai ta gani tukuna. Wata Islamiyyar a Arkilla ta riga ta yi mata magana kan nasu saukar da zai faɗo cikin Agusta, na ce mata to ta sani lissafin zai juye, shafa za ta yi mata sauƙi don fenti zai jira ta, amma bushewa ta ba shi kwana 2 kuma baho da jiƙaƙƙen zane su fita daga ɗakin.